Amfanin Bitamin C Ga Ganyen Da Ke Yinsa

Ko wane yaro da ya yi karatun kiwon lafiya a makaranta ya ji sunan bitamin C. An gaya masa a cikin lemo a ke samunsa, da gwaiba, da tumatir, da ɗanyen ganye, an kuma gaya masa wanda ya rasa shi dasashinsa zai kumbura ya riƙa zub da jini. Wannan duka gaskiya ne. Amma akwai wata tambaya wadda ba safai malami ya kan yi wa 'yan ajinsa ba, su ma ba safai su kan yi masa ba, ita ce: shi tsiron da ke yin wannan bitamin, me zai yi da shi? Itacen lemo ba shi da dasashi, zogale ba shi da haƙori. Tsiro kuwa ba ya ɓad da sukarin da ya sha wuyar haɗawa a kan abin da ba zai amfane shi ba.

Masana ilmin tsirrai sun yi shekara fiye da sittin suna bin diddigin wannan tambaya, a Ingila da Jamus da Amurka da Japan da Hungari, abin da suka samo kuwa ya isa a kai shi aji. A taƙaice dai, bitamin C yana cikin ma'aikatan da ke tsaron babban aikin ganye, watau haɗa abinci da hasken rana. Shi kansa ba ya ba tsiro ƙarfi. Matsayinsa kamar na mai gadin kasuwa ne, ba ya saye ba ya sayarwa, amma ranar da aka wayi gari ba shi, ranar a ke sanin amfaninsa.

YADDA AKA SAN SHI

Mutane sun san cutar rashinsa tun kafin su san shi. A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, matuƙa su kan yi wata da watanni a teku ba su ɗanɗana ɗanyen abu ba, sai busasshen burodi da naman da aka yi wa gishiri. Sai wata cuta ta kama su, wadda Turawa ke kira sikabi: jiki ya mutu, dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, tsohon miki da ya warke ya sake buɗewa. Cikin 1747 wani likitan jirgin yaƙin Ingila, James Lind, ya ware marasa lafiya 12, ya raba su biyu-biyu, ya ba ko wane kashi magani dabam. Biyun da ya ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka fi kowa murmurewa, har ɗayansu ya koma bakin aiki bayan kwana shida.

Abin da ke cikin lemon kuwa, sai bayan shekara 180 da 'yan kai aka kama shi. Cikin 1928 wani masani mutumin Hungari, Albert Szent-Györgyi, yana aiki a Kambirij, ya tace wani farin gari mai tsami daga lemo da kabeji da wata kaluluwa ta jikin dabba. Cikin 1932, bayan ya koma garin Seged a ƙasarsu, aka tabbata wannan gari shi ne maganin sikabi, wani masani na Amurka ma, Charles Glen King, ya kai ga wannan amsa cikin shekarar. Garin Seged ya yi suna da noman jan tattasai, daga tattasan nan ne Szent-Györgyi ya tace bitamin mai yawa ya rarraba wa sauran masu bincike. Cikin 1937 aka ba shi kyautar Nobel.

Daga baya aka gane galibin dabbobi su ke yi wa kansu wannan bitamin. Akuya da saniya da kare suna yinsa cikin hanta, kaza tana yinsa cikin ƙoda. Mutum da biri da waɗansu 'yan dabbobi kaɗan ne suka rasa wannan baiwa, saboda haka su ke dogara ga tsirrai. Ko wane koren tsiro kuwa yana yinsa, ganye shi ne babban wurin da ya ke tara shi.

GIRKIN DA GANYE KE YI

Kafin mu ga inda bitamin C ke shiga, sai mu tuna da yadda ganye ke haɗa abinci. Masana suna kiran wannan aiki fotosintesis, watau haɗi da haske, mu kuwa a nan za mu ce girkin ganye. Kayan girkin uku ne: ruwa wanda saiwa ke jawowa daga ƙasa, da iskar kabon wadda ke shiga ta 'yan ƙananan ƙofofi da ke fatar ganye, da hasken rana wanda ke madadin wuta. Abin da a ke saukewa shi ne sukari, wanda tsiro ke mai da shi sitaci ya adana cikin hatsi ko rogo ko dankali. Iskar oksijin da mu ke shaƙa ita ce ragowar da ganye ke fitarwa.

In aka duba yankin ganye da madubin likita, za a ga ko wace ƙwayar halitta tana da waɗansu 'yan ƙwayoyi koraye masu yawa. Sunansu kuloroflas, su ne madafan ganye. Cikin ko wanne akwai 'yan jakunkuna fala-fala da aka jera bisa juna kamar faya-fayi, a jikinsu a ke samun koren launin nan mai kama haske, wanda a ke kira kulorofil.

Girkin hawa biyu ne. A hawa na fari, ƙarfin hasken da kulorofil ya kama shi ke fasa ruwa. Akwai wani ɗan gurbi a jikin jakar mai ɗauke da ƙwayar ƙarfen manganis huɗu da ta kalsiyam ɗaya, a nan a ke fashin. Cikin 1937 Robin Hill ya nuna a Kambirij cewa kuloroflas da aka ciro daga ganye yana iya fid da oksijin in aka haska shi, cikin 1941 kuma Samuel Ruben da Martin Kamen suka nuna a Kalifoniya cewa daga ruwa oksijin ɗin ke fitowa. In ruwa ya fashe, oksijin sai ta fice. A bar waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ɗauke da lantarki, waɗanda a ke kira ilektaron, irin waɗanda ke gudu cikin waya sa'ad da aka kunna tocila. A kuma bar ragowar haidirojin, wadda ke taruwa cikin jakar har cikinta ya yi tsami.

Su ilektaron ɗin, miƙa su a ke yi hannu da hannu daga wannan ma'aikaci zuwa wancan, kamar yadda leburori ke jefa wa magini tubali yana bisa katanga. A ƙarshen layi akwai ɗan dako mai karɓarsu, masana suna rubuta sunansa da baƙaƙe NADPH. Ita kuma haidirojin da ta taru, matsowa ta ke yi ta fita ta wata 'yar ƙofa mai juyawa, kamar yadda ruwan da aka datse a Kainji ke juya injin wuta. Juyawar nan ita ke haɗa wani abu da a ke kira ATP, shi ne kuɗin kashewa na ko wace ƙwayar halitta, ta tsiro da ta dabba. Daniel Arnon da abokan aikinsa suka fara nuna kuloroflas yana yin ATP da haske, a Kalifoniya cikin 1954.

A hawa na biyu, sai a kashe ATP da NADPH wajen ɗaure iskar kabon a mai da ita sukari. Melvin Calvin ya sami kyautar Nobel cikin 1961 saboda bayyana wannan hawa. To, sa'ad da a ke maganar ƙarfin da ganye ke samu daga rana, ATP da NADPH ɗin nan a ke nufi.

IN RANA TA YI YAWA

Mai girki in wuta ta yi masa yawa sai ya janye itace. Ganye ba shi da wannan dama. Mutum ya kan koma inuwa, akuya ta kan raɓa jikin garu, amma tsiro yana nan inda aka shuka shi, ko rana ta yi sanyi ko ta take. Ganyaye da yawa su kan ƙoshi da haske tun da hantsi, duk abin da ya zo bayan wannan ya fi ƙarfin madafansu.

Abin ya fi muni in ƙasa ta bushe. Domin ya tsimi ruwa, ganye ya kan rufe 'yan ƙofofin nan nasa, in ya rufe su kuwa iskar kabon ba ta shiga. Hawa na biyu sai ya tsaya don rashin kayan aiki, alhali kuwa hawa na fari yana ta tafiya, tun da ya ke ba mai iya kashe rana. Magini ya tsaya ke nan, leburori ba su daina jifa ba. Tubalin da ba a cafe ba, a kan mutane zai faɗo.

Cikin 1951 wani masani a Shikago, Alan Mehler, ya gano inda ilektaron ɗin da ba a cafe ba su ke faɗawa. Iskar oksijin da ke cikin kuloroflas ita ke cafe su, da ta cafe kuwa sai ta rikiɗa ta zama wani abu mai ci kamar tartsatsin wuta, wanda a ke kira sufa-oksaid. Nan da nan wani enzayim, watau ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke hanzarta ayyukan cikin jiki, ya kan mai da shi haidirojin faroksaid. Wanda ya taɓa zuwa ɗakin shan magani ya san wannan, shi ne ruwan nan da a ke zuba wa miki ya yi kumfa. Yadda ya ke cin ƙwayoyin cuta a miki, haka ya ke cin ma'aikatan ganye. Cikin shekarun 1970 wani Bajamushe, Werner Kaiser, ya auna ya ga ɗan kaɗan daga cikinsa, abin da bai kai rabin miligiram a lita guda ba, ya isa ya rage haɗa sukari da rabi.

AIKI NA FARI: KASHE GOBARA

A nan bitamin C ke shiga. Halinsa shi ne kyauta: yana ba da ilektaron cikin sauƙi, bayan ya bayar kuma shi kansa ba ya zama abin cutarwa. Jikin dabba da waɗansu sassa na ganye suna da wani enzayim mai rusa faroksaid, sunansa katales, shi ke sa kumfar nan a miki. Kuloroflas ba shi da shi. Abin da ya ke da shi wani enzayim ne dabam, wanda ba ya aiki sai da bitamin C a hannu. Ya kan karɓi ilektaron daga ƙwayar bitamin biyu, ya ba ƙwayar faroksaid ɗaya, sai faroksaid ya koma ruwa tsantsa. Kozi Asada na Jami'ar Kiyoto a Japan, da abokin aikinsa Nakano, suka bayyana wannan sarai cikin 1981, a cikin ganyen alayyahon Turawa. An kuma lura in aka raba enzayim ɗin nan da bitamin C, faroksaid ɗin da ya ke yaƙa shi ke kashe shi cikin ɗan lokaci kaɗan.

Mai karatu zai ce, to ashe bitamin ɗin zai ƙare tun kafin azahar. Da haka ne, da ba a cika guga bayan an juye shi a kan wuta. Cikin 1976 Christine Foyer da Barry Halliwell, suna aiki a Landan, suka nuna hanyar da a ke bi a mai da wa bitamin C abin da ya bayar. Akwai wani abu cikin kuloroflas mai suna gulutatiyon, shi ke ba bitamin ilektaron, shi kuma gulutatiyon ya karɓa daga NADPH. Daga baya aka sami waɗansu hanyoyi da suka fi wannan gajarta. Ta haka ƙwayar bitamin guda ta kan yi aiki sau da yawa ƙwarai kafin ta lalace.

A duba hikimar da ke cikin wannan. Ilektaron ɗin da a ke cika bitamin da su, daga layin nan da ya cunkushe a ke ɗebo su. Ashe ganye yana kashe gobarar da rarar da ta haddasa ta, layi kuma yana samun sauƙi. An fasa ruwa a farkon layi, an sake haɗa ruwa a ƙarshensa, don haka Asada ya sa wa abin suna zagaye daga ruwa zuwa ruwa. Ba a sami sukari ta wannan hanya ba, amma madafa ta tsira, haidirojin ma tana ci gaba da taruwa cikin jaka.

Har wa yau akwai wani ɗan'uwansa, bitamin E, wanda ke zaune cikin maiƙon fatar jakunkunan yana hana ta gurɓata, kamar yadda man gyaɗa ke yin ɗaci in ya daɗe a buɗe. Shi ma in ya ba da nasa ilektaron, bitamin C ke mayar masa.

AIKI NA BIYU: ZUB DA RARAR HASKE

Hana gobara ya fi kashe ta. Ganye yana da dabarar da ya ke mai da rarar haske zafi ya zubar, tun ba ta shiga layi ba. Ban da koren launi, akwai launuka rawaya a cikin ganye, waɗanda ba a ganinsu sai ganye ya tsufa kore ya kau. Ɗaya daga cikinsu sunansa biyolazantin. In rana ta yi ƙarfi, ya kan juye ya zama wani launi mai suna ziyazantin, irin wanda ke ba masara rawaya launinta, in rana ta yi sanyi kuma ya komo yadda ya ke. Harry Yamamoto, wanda ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Hawai, ya bayyana wannan juyi cikin 1962. Cikin 1987 Barbara Demmig ta nuna a Jamus cewa gwargwadon yawan ziyazantin a ganye, gwargwadon hasken da ya ke iya zubarwa. Da tsakar rana, waɗansu ganyaye su kan zub da fiye da rabin hasken da suka kama ta wannan hanya.

Enzayim ɗin da ke yin juyin yana zaune cikin jakar nan, yana kuwa bukatar abu biyu. Na ɗaya tsami, domin in cikin jaka ya yi tsami sosai, alama ce haske ya fi abin da a ke bukata. Na biyu bitamin C, wanda ke ba shi ilektaron ɗin da zai yi aiki da su. Wani Bajamushe, Achim Hager, ya nuna haka cikin 1969. Tsami shi ne mai shela, bitamin C kuwa shi ne kayan aiki. In babu shi, ko an yi shelar, rumfar ba ta kafuwa yadda ya kamata.

Wannan dabara tana da tsadarta. In gajimare ya gifta, ko wani ganye ya yi wa ɗan'uwansa inuwa, ganye ya kan ɗauki mintoci yana zub da hasken da a lokacin bukatarsa ya ke yi. Cikin 2016 masana na Jami'ar Ilinois a Amurka suka ƙara wa tsiron taba ƙwayoyin gado uku domin kafa rumfar da kwashe ta su riƙa sauri, ɗaya daga cikin ukun kuwa ta enzayim ɗin nan ce mai aiki da bitamin C. Da suka shuka a gona, amfanin ya ƙaru da kimanin kashi 15 cikin 100.

AIKI NA UKU: RIƘON ƘWARYA

Gurbin manganis ɗin nan mai fasa ruwa shi ne mafi rauni a duk madafar in zafi ya tsananta. In ya lalace, kulorofil yana nan yana kama haske, yana ba da ilektaron ɗinsa, amma ba mai mayar masa. Kulorofil ɗin da aka bari hannu wofi kuwa, fizge ilektaron ya ke yi daga duk abin da ke kusa da shi, har ya rusa gidan da ya ke zaune.

Cikin 2009 da 2011 Szilvia Tóth da abokan aikinta, a garin Seged ɗin nan inda aka fara tace bitamin daga tattasai, suka nuna cewa a irin wannan hali bitamin C ya kan yi riƙon ƙwarya a madadin ruwa. Miƙawarsa ba ta da sauri kamar ta gurbin manganis, ba za ta isa a haɗa sukarin kirki ba, amma tana rage ɓarna har ganye ya sami damar gyara. Ganyayen da ke da ƙarancin bitamin sun fi saurin lalacewa bayan zafi, sun kuma fi jinkirin farfaɗowa.

Su ne kuma suka nuna cewa abin yana da iyaka. A cikin wata irin gansakuka da aka hana ta kibiritu, bitamin C ya taru ƙwarai har shi da kansa ya tsai da gurbin manganis. Tsiro mai lafiya awo ya ke yi, ya ƙara in rana ta ƙaru, ya rage in ta ragu. Kada wani ya karanta wannan ya zaci in ya niƙa ƙwayar bitamin ya fesa wa gonarsa, ya huta da taki da ban ruwa.

INA SHAIDA?

Hanyar da ta fi tabbata ta sanin amfanin ma'aikaci ita ce a ɗauke shi a ga abin da zai tsaya. Masana suna da wata 'yar ciyawa dangin kabeji, mai suna Arabidofsis, wadda ke tsira ta yi iri cikin mako shida ko bakwai, da ita su ke yawan gwaji. Cikin 1996 Patricia Conklin da Robert Last suka sami wani irinta a Amurka wanda bitamin C ɗinsa bai wuce sulusin na sauran ba, suka ga gurɓatacciyar iska tana ƙona ganyensa tun ba ta taɓa na 'yan'uwansa ba. Cikin 2002 aka gwada wani iri mai ƙarancin bitamin a Kalifoniya, aka ga ziyazantin ɗinsa yana jinkirin haɗuwa, ba ya kuma zub da rarar haske yadda ya kamata. A haske mai sauƙi irin waɗannan tsirrai suna rayuwa suna girki, sai an fitar da su rana mai ƙarfi sa'an nan ganyensu ke koɗewa.

Hanyar da tsiro ke bi ya haɗa bitamin kuwa, sai cikin 1998 Glen Wheeler da Mark Jones da Nicholas Smirnoff suka bayyana ta a Jami'ar Ekseta ta Ingila. Daga sukarin girkin ganye a ke yinsa, mataki-mataki. Da aka san hanyar, sai aka iya toshe ta. Cikin 2007 aka sami irin da hanyar ta toshe masa sarai. Ƙwayar ta tsira, ganyen fari guda biyu suka buɗe, sa'an nan suka yi fari fat, tsiron ya tsaya. Waɗanda aka ba bitamin C cikin abin da aka shuka su, suka ci gaba da girma. Ashe dai tsiro ya fi mutum bukatarsa, domin mutum ya kan yi wata biyu ko uku ba shi kafin sikabi ta bayyana.

ABIN DA WANNAN KE NUFI A GIDA DA GONA

Wanda ya fahimci dalilin da ya sa tsiro ke yin bitamin C, ba sai ya haddace jerin abincin da ke ɗauke da shi ba, zai iya gane su da kansa. Inda a ke girki da rana, nan ya ke. Ganyen da ya sha rana ya fi na inuwa yawansa, haka kuma tumatirin da ke fuskantar rana ya fi wanda ganye ya lulluɓe. Busasshen hatsi ba ya girki, saboda haka gero da dawa da masara da shinkafa da busasshen wake kusan ba su da shi ko kaɗan, amma in aka jiƙa ƙwaya ta fara tsiro sai ta soma yinsa. Gidan da ya yi watannin rani a kan tuwo da busasshiyar miya kaɗai, ya kama hanyar matuƙan nan na dā.

Sa'an nan halin nan nasa na saurin ba da ilektaron, shi ne kuma ke sa ba ya daɗewa. Muddin ganye yana jikin uwarsa, a na cika bitamin duk sa'ad da ya juye. Da an tsinke shi, cikawa ta kama raguwa, iska da zafi su yi ta cinsa. Shanya a rana, da doguwar tafasa, da kanwa, duka suna rage shi ƙwarai. Ba a ce a bar miyar kuka ba, tana da nata amfani, amma kada a dogara gare ta don wannan bitamin.

Abin da babba ke bukata a rana bai taka kara ya karya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙayyade miligiram 45. Giram 100 na lemon zaƙi yana da kamar miligiram 50, na jan tattasai fiye da 100, na gwaiba fiye da 200. Garin 'ya'yan kuka ya ninka lemo, ɗanyen zogale ma yana da shi da yawa. Ma'aikacin ofis da ke sayen ƙwayar bitamin C domin ya ji ƙarfi, ya sani ba makamashi ba ne a jikinsa, kamar yadda ba makamashi ba ne a ganye. Ƙarfi daga tuwo ya ke zuwa. Gwaiba guda bayan cin abinci ta biya masa bukatar yini.

GA MALAMAI

Akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a ko wace makaranta. A dama sitaci kaɗan cikin ruwan zafi, a bari ya huce, a ɗiga masa aidin irin na ɗakin shan magani, sai ya yi shuɗi mai duhu. A raba shi daidai cikin kofi uku. A na fari a riƙa ɗiga ruwan lemon da aka matse yanzu, yara suna ƙirga ɗigo har launin ya ɓace. A na biyu a ɗiga ruwan lemon da aka daɗe a na tafasawa a buɗe da ɗan kanwa, bayan an cika shi da ruwa ya koma yawansa na fari. A na uku a ɗiga ruwa zalla. Abin da ke share launin shi ne kyautar ilektaron da bitamin ke yi wa aidin, irin wadda ya ke yi wa faroksaid a cikin ganye. Za a iya gwada ruwan ɗanyen zogale da na busasshe haka nan, amma a gaya wa yara akwai waɗansu abubuwa a ganye da su ma ke share aidin, don haka awon na kintace ne. A kuma kiyaye kada yaro ya kai aidin baki.

Galibi a na koyar da girkin ganye cikin darasin ilmin halitta, a koyar da bitamin cikin darasin kiwon lafiya, yaro ya gama makaranta bai taɓa jin cewa maganar guda ce ba. Kamata ya yi malami ya haɗa su a mako ɗaya, ya fitar da 'yan ajinsa lambun makaranta da tsakar rana, ya sa su taɓa ganyen da ke rana da wanda ke inuwa, sa'an nan ya tambaye su wanne ya fi bukatar mai gadi, wanne kuma za su tsinka in an aike su neman ganyen kwaɗo.